Makon rangwame na gidajen abinci: mai ci ne ke cin riba ko mai dafawa?

Tambaya: Ina da gidan abinci a Malali mai kujeru talatin. Wasu 'yan'uwana masu sana'ar suna shawarar mu haɗa kai a faɗin Kaduna mu ware mako guda, kowane gida ya sayar da abinci kala uku a kan farashi ɗaya tsayayye, kamar yadda ake yi a wasu ƙasashe. Anya kwalliya za ta biya kuɗin sabulu? Su kuma masu zuwa ci, da gaske sauƙi suke samu?

Amsa: Hajiya, tana iya biya, amma ga gidan da ya cika sharuɗɗa biyu. Na farko, yana da kujerun da ke zama babu kowa a wasu ranaku ko wasu sa'o'i. Na biyu, mai gidan ta san abin da kowane faranti ke ci mata kafin ya bar kicin. Gidan da ya rasa ɗaya daga ciki zai ga cunkoson da bai taɓa gani ba, ranar ƙarshe a zauna lissafi a tarar uwar kuɗi ta ragu.

Asalin abin daga birnin Niyok ne na Amurka, a 1992, lokacin da jam'iyyar Dimokurat ta yi babban taronta a can. Tim Zagat, mai wallafa littafin jagorar gidajen abinci, da Joe Baum, mai gidajen abinci, suka shirya wa baƙi da 'yan jarida abincin rana a manyan gidajen abinci a kan dala 19.92, wato farashin ya yi daidai da shekarar. Abin ya karɓu, aka mayar da shi sau biyu a shekara, a tsakiyar hunturu da tsakiyar bazararsu, lokutan da ciniki ke ja baya. Ki lura da yadda suka tsara shi, domin a nan darasin yake. Ba sa sa ranar Asabar a ciki, saboda ranar tana sayar da kanta. Abin sha da haraji da tukuicin masu kai abinci ba sa cikin farashin. Kuma daga baya sun bar farashi ɗaya, sun koma matakai uku na dala 30 da 45 da 60. Masu shirya abin a Niyok ma sun gano cewa farashi guda ba ya yi wa gari guda.

Mu zo kan lissafinki. Alƙaluman da zan kawo na misali ne, ki cire su ki sa naki. A ce dafa-duka da kwatar kaza naira 6,000 ce a gidanki, farfesu 3,500, zoɓo 1,000. Jimla 10,500. A ce kayan da suka shiga dafa-dukar da kazar sun ci 2,300, farfesun 1,200, zoɓon 200, jimla 3,700. Kusan kashi 35 cikin ɗari ke nan na farashin sayarwa, kuma a ƙa'idar sana'ar ana son kuɗin kayan girki ya tsaya tsakanin kashi 28 zuwa 35. Abin da ya rage, 6,800, shi ke biyan haya da albashi da wuta da dizal, sannan ribarki ta fito daga abin da ya saura. Yanzu ƙungiya ta tsayar da 8,000 a kan ukun. Kayan girki suna nan a 3,700, domin ba wanda zai rage miki farashin kaza a kasuwa don kina rangwame. Abin da ya rage ya zama 4,300, kuɗin kayan kuma ya haura kashi 46. Rangwamen da mai ci ke gani bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, ke kuwa abin da ke shigo miki a kan kowane mutum ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku.

Sai dai akwai wani gefe da masu tsoron abin ke mantawa. Mutanen Kaduna nawa ne ke shiga gidan abinci su ci kala uku? Yawanci faranti ɗaya ne mai nauyi da abin sha. Wannan kwastoman yana biyan 7,000, kayansa sun ci 2,500, ya bar miki 4,500. Idan ya koma kan tayin 8,000 ya bar miki 4,300. Naira 200 kaɗai kika rasa a kansa. Wanda ke yi miki illa shi ne kwastomanki mai hannu da shuni da dama can yake cin ukun a kan cikakken farashi, shi ne za ki yi asarar 2,500 a kansa ba tare da ya roƙa ba. Don haka kafin ki ce e ko a'a, ki ɗauko rasit na wata guda ki ƙirga mutum nawa ke cin kala ɗaya, nawa ke cin biyu ko uku.

A ce mutum 40 ke shigowa a rana, rabinsu suka koma kan tayin: 15 masu faranti ɗaya, 5 masu cin ukun. Asarar rana ita ce 3,000 da 12,500, wato 15,500, a mako 108,500. Ki ƙara kuɗin shiga ƙungiya da talla, a ce 50,000. Ki ƙara ma'aikata biyu na wucin gadi a kan 5,000 kowace rana, 70,000. Ki ƙara gas da dizal na ƙarin sa'o'i, a ce 60,000. Jimla 288,500. Ki raba da 4,300, za ki ga kina bukatar sababbin mutane 68 a makon, kusan goma a kullum, kafin ki dawo inda kike ba riba ba faɗuwa. Sababbi nake nufi, waɗanda da ba don tayin ba da ba su shigo ba. Idan kin tabbata tallan zai kawo ashirin a kullum kuma kina da inda za ki zaunar da su, abin ya yi. Idan gidanki dama yana cika daga Azahar zuwa La'asar, kowane mai rangwame da ya zauna ya hana mai cikakken farashi kujera, lissafin ya juye.

Akwai tarko a maganar haraji. Harajin VAT kashi 7.5 ne tun watan Fabrairun 2020. Idan gidanki na cikin masu karɓarsa kuma aka tallata cewa 8,000 ta haɗa komai, naki 7,442 ne, sauran 558 na gwamnati. Abin da ya rage miki a kan mutum ya sauko zuwa 3,742, yawan baƙin da kike bukata ya ƙaru. A tsayar da wannan magana a rubuce kafin a buga takardar talla ko ɗaya.

Farashi ɗaya a faɗin gari kuwa, ni ban ga yadda zai yi wa Kaduna ba. Gidan tuwo a Tudun Wada ko Rigasa da gidan abinci na otal a Unguwar Rimi ba su haɗa haya ba, ba su haɗa kwastoma ba. Farashin da zai zama garaɓasa a otal ya ninka abin da mai gidan tuwo ke karɓa kullum, don haka shi ba shi da abin da zai rage. Wanda zai yi wa mai tuwo daidai kuma ba zai biya wa otal kuɗin nama ba. Babban gida ne ke jan mutane a irin wannan mako, saboda kowa na son ya shiga inda da yake wucewa ta ƙofa yana leƙe. Matsakaicin gida kamar naki shi ke tsaka mai wuya: idan mutum zai biya 8,000 a ko'ina, me zai hana shi zaɓar wurin da farantinsa ke 15,000? Ki dage a yi matakai uku, kowane gida ya shiga ajinsa, a jera sunaye bisa unguwa, domin mutumin Kawo ba zai ƙetare gada zuwa Barnawa da daddare don ragin da kuɗin keke zai cinye ba.

Kicin ne ke kayar da yawancin gidaje, ba farashi ba. Abincin da za ki sa a tayin ya zama wanda ake dafawa a babbar tukunya kuma yake jure jira: dafa-duka, tuwon shinkafa da miyar taushe ko kuka, dambu, farfesu. Gasasshiyar tarwaɗa tana ɗaukar rabin awa ko fiye a kan wuta, idan mutum goma sha biyu suka nema lokaci guda kuma wurin gashinki na ɗaukar huɗu, na ƙarshe zai yi awa ɗaya da rabi yana jira, ba zai sake dawowa ba, kuma sai ya faɗa wa duk wanda ya sani. Masa tana da nata cikas. Ƙullunta sai ya kwana ya tashi, idan ya ƙare da ƙarfe bakwai ya ƙare ke nan, tanda kuma ramukanta ƙidayayyu ne. Zaɓi biyu a kowane kala sun isa, uku sun yi yawa ga kicin mai kuku ɗaya.

Sai awo. Ki sayi ƙaramin sikeli ki daina dogaro da hannun mai zubawa. Ɗanyar shinkafa giram 130 zuwa 150 ke cika faranti ɗaya na babba, kilo ɗaya yana ba da faranti bakwai, buhu mai kilo 50 ya ba da wajen 350. Idan mai zubawa yana ƙara rabin cokali don ganin ido, buhun zai tsaya a 300 ba ki san inda sauran suka shiga ba. Naman sa yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku idan ya dahu, don haka lissafin farfesu a kan dafaffen nama ake yinsa. Ki tsayar da ludayi ɗaya da yawan yanka, ki rubuta ki manna a bangon kicin.

Abin da nake roƙonki kada ki yi shi ne rage girman faranti ko sauya kayan girki a ɓoye. Kazar da kike rabawa huɗu a koma rabawa shida, man da kike amfani da shi a sauya da mai araha, farfesu ya zama ruwa da ƙashi. Tsohon kwastomanki zai gane daga lomar farko. Sabon kuma zai tafi da cewa haka abincin gidan yake, alhali don ki nuna masa hannunki kika kira shi. Idan 8,000 ba za ta ɗauki ukun ba, ki sauya tsarin a fili: babban faranti yadda yake, ƙaramin kwanon farfesu da aka rubuta ƙarami ne, da zoɓo ko kunun aya ko kunun zaƙi, waɗanda kuɗin haɗa su kaɗan ne kuma mutane ke ganin darajarsu. Ɗora wa mutanenmu kayan zaƙi na bayan abinci don kawai haka Turawa ke yi ɓarnar kuɗi ne. 'Yar yankakkiyar kankana ko alkaki ɗaya sun wadatar.

Dafa abinci da yawa yana zuwa da haɗarin da bai kamata a yi wasa da shi ba, musamman shinkafa. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke tsira daga dahuwa. Idan shinkafa ta huce ta zauna tsakanin digiri 5 da 60, ƙwayar tana yaɗuwa ta saki dafin da ɗumame ba ya kashewa, ya sa amai cikin 'yan sa'o'i. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje, idan zafin gari ya haura digiri 32, kamar yadda yake yi a Maris da Afrilu, awa ɗaya. Ki dafa tukunya biyu ko uku a rana maimakon ɗaya da safe, ki riƙe ta da zafi sama da digiri 60, ki sayi ma'aunin zafi na tsirawa. Kula ba ta ƙara zafi, rage saurin hucewa kawai take yi. Haka firiza: kajin kwana uku da kika tara, idan wuta ta ɗauke janareta ya ƙi tashi, asarar dare ɗaya ta fi ribar makon. Gara ki yi yarjejeniya da mai kaji ya riƙa kawowa kullum da safe.

Lokacin da aka zaɓa shi ne rabin nasara. Ba a yin rangwame lokacin da mutane dama za su zo: makon Sallah, ƙarshen Disamba, ko kwanakin baje kolin ƙasa da ƙasa na Kaduna da baƙi ke cika gari. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan hidimar sabuwar shekara, aljihu ya yi sanyi, kayan miya na noman rani sun sauko a Bakin Dogo da kasuwar Kawo, sanyin hunturu kuma yana sayar da farfesu. A duba kalanda tukuna, domin azumi yana matsowa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara kuma yanzu a farkon shekara yake faɗowa. Mafi muni shi ne daga Mayu zuwa Yuli, lokacin da tumatir da attaruhu ke tsada. Masu sana'ar ba su manta 2016 ba, shekarar da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a kai. Farashin da kika tallata ya ɗaure ki, kasuwa kuwa ba wanda ya ɗaure ta. Kada tsakanin sanar da farashi da fara makon ya wuce sati uku, kuma ki sayi abin da ba ya lalacewa, shinkafa da mai da gas, kafin a sanar.

Ranaku kuma Litinin zuwa Alhamis. Bayan sallar Juma'a, daren Asabar, da Lahadi bayan an taso daga coci suna cika da kansu. Da yamma mutane a dunƙule suke zuwa bayan Magariba da bayan Isha'i, don haka ki raba zama biyu, ki karɓi kafin alƙalami na 2,000 daga duk wanda ya kama tebur na mutum huɗu zuwa sama. Wanda bai ba da komai ba yakan kama tebur a gida uku ya je ɗaya. Mai karɓar kuɗi ya tabbatar kuɗi sun shiga asusu kafin mutum ya fita, domin ranar cunkoso masu alat na bogi ke jira.

Mai zuwa ci kuwa, lissafinsa ɗaya ne: ya kwatanta tayin da abin da zai ci in da babu tayin, ya bar jimlar da aka rubuta aka soke da jan layi. A misalinmu, wanda ya saba biyan 7,000 zai fita ya biya 8,000. Ya sami farfesun 3,500 a kan 1,000, wannan sauƙi ne idan yana son farfesun. Idan ba ya so, ƙarin kuɗi ya kashe. Idan kuma haraji da kuɗin sabis na kashi 10 ba sa ciki, 600 da 800 za su hau, rasit ya nuna 9,400 kafin ruwan gora. Magidanci mai iyali ya fi kowa bukatar lura, saboda tayin a kan kowane kai yake. Shi da uwargida da yara huɗu 48,000 ne, alhali da sun yi odar faranti huɗu yara suka raba biyu, da zoɓo shida, 30,000 za su biya. Inda tayin ke da daɗi shi ne gida mai tsada da mutum ya daɗe yana son gwadawa, da rana, a tsakiyar mako, kuma idan abincin da aka san gidan da shi yana cikin tayin. Ya nemi hoton takardar abinci ta yau da kullum ta WhatsApp kafin ya fito, ya duba ko abin da aka sa a tayin yana cikinta. Abincin da aka ƙirƙiro don makon kawai, wanda ba shi da farashin da za a auna shi da shi, yawanci don rage kashe kuɗi aka ƙirƙiro shi.

Ribar gaske ga mai gida tana cikin waɗanda suka dawo bayan an janye rangwame, kuma ana iya ƙirga su. Ki ba kowane sabon baƙo ƙaramin kati mai lamba da zai karɓi zoɓo kyauta idan ya dawo cikin kwana talatin a kan cikakken farashi. Naira 200 ke nan a kan mutumin da zai bar miki 4,500. Ƙarshen wata ki ƙirga katunan da suka dawo. Wannan adadin ne zai gaya miki ko ki sake shiga baɗi, yawan hotunan da aka ɗora a Instagram ba zai gaya miki ba. Yaran da ke kai abinci kuma aikinsu zai ninka, ki ware musu wani abu a kullum ki faɗa musu tun kafin a fara, domin fuskarsu baƙo ke fara gani kafin ya ɗanɗani girkinki.

Kafin ki biya kuɗin shiga, ki nemi masu shiryawa su rubuta inda kuɗin zai tafi: rediyo nawa, sau nawa a rana, wa zai riƙe shafin sada zumunta, wa ke sa hannu a asusu. A rubuta ko tayin ya shafi abincin da ake ɗauka a tafi da shi, in ya shafa a ƙara kuɗin roba da leda, in ba haka ba za ki ga mutum ɗaya ya zo da odar ofis guda ba wanda ya taka ƙofarki. A ba kowane gida damar ƙayyade faranti nawa zai sayar a rana, hamsin ko sittin, a rubuta haka a talla don kada a ce kin yaudari jama'a idan ya ƙare. Jerin sunayen gidajen ya nuna wanda ke sayar da giya da wanda ba ya sayarwa, da wanda ke da wurin salla da sashen iyali, saboda Kaduna gari ne na mutane iri-iri kuma magidanci yana son sanin inda zai kai iyalinsa kafin ya fito. Ga gida mai kujeru talatin, ki fara da kwana huɗu, abincin rana kaɗai, daga sha biyu zuwa huɗu, faranti arba'in a kullum, sannan ki gwada tsarin a kan ma'aikatanki da 'yan gida mako guda kafin ranar, da agogo a hannu, ki ga minti nawa ke tsakanin oda da saukar faranti a tebur. In ya wuce goma sha biyar, ki cire kala ɗaya daga tayin.